Gidan da Sumie Ta Gyara da Sharar Layinmu

Har yau in wata ta zauna a kujerar shagona ta ce, "Sumie-san dai ba ta yi sa'a ba," sai in ajiye almakashi. Wace sa'a? Matar nan ba rashin sa'a ne ya cinye ta ba. Mu muka cinye ta, mu mutanen layin nan, kuma cikin ladabi muka yi, ana rusunawa ana miƙa shayi. Sunana Chizuko, shekara talatin da ɗaya ke nan ina gyaran gashi a ƙasan gidana, kuma ina cikin waɗanda suka ci.

Layinmu gida goma sha huɗu ne. Tun kafin a kawo ni gidan nan wurin ajiye shara zagayawa yake yi, shekara guda a ƙofar wannan, in Afrilu ya kama ya matsa ƙofar na gaba. Litinin da Alhamis kowa ya fito da ledarsa kafin ƙarfe takwas, a lulluɓe da raga saboda hankaki, motar hukuma ta zo ta kwashe wajen ƙarfe sha ɗaya. Wanda zagayen yake kansa shi ke da wari da ƙuda da wanke ƙasa, amma ya san shekara ɗaya ce, daga nan ya huta shekara sha uku. Ana nan sai tsoho Kogure ya mutu a cikin tasa shekarar. 'Ya'yansa suna Tokyo, suka zo aka yi jana'iza, suka kulle gida suka koma. Afrilu ya zo ya wuce, ba wanda ya ɗaga ragar nan daga ƙofarsa. Wani Afrilun ya sake zuwa ya wuce. Mun samu ƙofar da ba ta da bakin magana, sai muka yi gum har shekara goma sha ɗaya. Gidan da ke biye da na Kogure a jerin zagayen kuwa nawa ne, da shagona da ƙofarsa ta gilashi.

Kuwabara Sumie 'yar ƙetaren kogi ce. Abin da na sani na rayuwarta a kujerar nan na ji shi, guntu-guntu, don ba mai surutu ba ce. Ubanta mai shafen bango ne, tana ƙarama ita ke kwaɓa masa laka in an tashi daga makaranta. Shekara talatin da huɗu ta yi tana dafa abincin rana a wata firamare, bakin yara ɗari shida kullum, kuma duk alfaharinta a duniya shi ne ba a taɓa cewa ga yaro ɗaya da cikinsa ya ɓaci saboda tukunyarta ba. Ba ta yi aure ba. An ɗan yi maganar aurenta da wani direban bas, sai uwarta ta faɗi ta karye a ƙugu. Sumie ta yi jinyarta shekara tara a ɗakin haya, hawa na huɗu, ba abin hawa sai matakala. Direba ya gaji da jira ya kama gabansa. Da uwar ta mutu, abin da ya rage wa Sumie shi ne gwiwoyi biyu da tsayuwa ta gama da su, sai kuɗin sallama da za a ba ta in ta cika sittin.

Burinta bai taka kara ya karya ba. Ɗaki take so nata na kanta, a ƙasa, kusa da tasha, inda ba za ta sake ƙirga matakala ba. Kuɗin sallamar ba za su kai ba. Amma ta karanta a littattafan laburare cewa gidajen da aka bari ba kowa a arha ake sayar da su, mai hannu zai iya saye ya gyara ya sayar ya ci riba. Hannu kuwa tana da shi. Sai ta ce bari ta gwada sau ɗaya tak, ribar ta cike mata abin da ya gaza. Duk abin da ta tara a rayuwarta a gidan Kogure ta zuba shi.

Sau uku dillali ya kawo ta duba gidan, kuma duk ranar Lahadi ne. Ita a lokacin ba ta gama aiki ba, Lahadin ce ta fi mata sauƙi, shi kuma ɗan duniya ya san abin da yake yi. Ranar Lahadi ragar tana naɗe a bayan turken lantarki, ƙofa fes. Ina kallonta ta gilashin shago. Mata mai shekara sittin ta kwanta rub da ciki da tocila tana leƙa ƙarƙashin daɓe ko akwai gara, ta hau tsani ta duba rufi, ta buɗe famfo ta ɗanɗana ruwan, ta bi iyakar filin tana neman duwatsun shaida. Duk abin da littafi ya ce ta duba ta duba. Babu littafin da ya ce mata ta zo ranar Litinin da safe.

A zuwa na uku ta shigo shagona, ta rusuna.

"Ki yi haƙuri da katse miki aiki. Gidan Kogure-san nake son saye. Ko akwai wani abu da ya kamata in sani? A ciki ya mutu?"

"A'a, a asibiti ya mutu," na ce. "Layi ne mai shiru, ba mu da fitina."

Ban yi ƙarya ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi da kaina. Da ta fita na leƙa cikin gida na ce wa mijina Isamu, "Matar nan da gaske take, saye za ta yi."

"To sai me? Ke dillaliya ce? Ki gyara kan da ke gabanki."

Litinin ɗin farko bayan ta karɓi makulli ta iso da bakwai da rabi a kan keke, akwatin kayan aiki ɗaure a baya. Ta tarar da tulin leda ya kai mata ƙugu, hankaka biyu a kan katanga suna jira. Ta daɗe a tsaye, sannan ta tsallako wurina.

"Chizuko-san, wai wannan tulin fa?"

"Au, wannan? Ai zagayawa yake yi, shekara-shekara."

"Au to, har na ji sanyi. Yaushe zai bar nan?"

"Sai an yi taron layi na watan Maris. Shugaban layi ya san komai."

Ta yi dariya, ta ce ashe ma kafin ta gama gyara ya kusa tashi. Ta ɗauki ledojin da suka tare mata ƙofa ta jera su gefe ɗaya, ta shiga.

Wata takwas ta yi tana aikin gidan nan, kuma duk wanda ya ce bai ga aiki ba maƙaryaci ne. Wuta da rufi da banɗaki kawai ta kira masu sana'a. Sauran da hannunta ta yi. Ta fitar da tabarmin tatami da suka ruɓe, ta ɓamɓare katakon da ruwa ya ci, ta sake manna takardar ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Bangon kuwa da tsohon ƙarfen shafen ubanta ta shafe shi, sumul, har kafintan da ya zo aikin rufi ya tsaya yana shafawa da tafin hannu yana tambaya wa ya yi. Da rana ta zauna a bakin baranda ta ci dunƙulen shinkafa biyu da shayi mai sanyi, ta miƙe ƙafafu tana matsa gwiwa. A watan Agusta ta faɗo daga tsani ta gurɗe a wuyan hannu, washegari ta dawo da bandeji tana fenti da hagu. Bishiyar kaki, wata irin kanya, da ke tsakar gidan, wadda ta shekara goma tana zubar da 'ya'ya suna ruɓewa, ta sassabe ta, da kaka ta yi, ta cika leda sha uku da 'ya'yan ta bi mu gida-gida. Muka karɓa muka ci muna cewa kai, da zaƙi.

A watan Disamba aka kafa allon sayarwa, sati bai cika ba aka samu masu so. Wasu yara ne, miji da mata da jaririya, shi yana aiki a masana'antar kayan mota. Ranar Lahadi suka zo, matar ta shiga kicin ta ƙi fita. Aka daidaita a kan kuɗi, aka sa ranar sa hannu. Sumie ta shigo shagona fuskarta kamar an kunna fitila, ta ce in rage mata gashi, ta ga wani ɗaki kusa da tasha. To ranar Alhamis da safe sai yarinyar ta turo keken jaririya ita kaɗai, wai tana so ta auna tafiya daga gidan zuwa gidan renon yara. Ranar kuma an tashi da iska, ta yaye ragar, hankaki sun yi wa ledoji kaca-kaca. Kan kifi a bakin ƙofa, ƙunzugun yara a kan matakala, ruwan miya yana bin kwalta. Yarinyar ta tsaya, ta ja mayafi ta rufe fuskar 'yarta, ta juya keke. Da yamma suka buga wa dillali waya suka ba da haƙuri.

Daga ranar duk wanda ya zo duba gida, kafin ya cire takalmi Sumie ta gaya masa. Na ji su da kunnena ita da dillalin a bakin titi.

"Kuwabara-san, wai wa ya tambaye ki? Ki bar mutum ya ga bangon nan tukuna mana!"

"Ni ba wanda ya gaya mini, shi ya sa nake faɗa."

"To ai da wannan gaskiyar taki sai mu shekara a nan. In ba za ki yi shiru ba, ki rage miliyan biyu."

"In rage miliyan biyu in ci me?"

Ta je ofishin hukuma, suka ce su nasu kwashewa ne, inda mazauna suka nuna nan mota take tsayawa. Sai ta sayi akwatin alewar wake mai tsada ta tafi wurin shugaban ƙungiyar layi, Negishi, tsohon ma'aikacin banki, mutumin da bai taɓa cewa a'a ba a rayuwarsa kuma bai taɓa yin abin da ba ya so ba. Ya karɓi alewa da hannu biyu, ya saurare ta har ta gama, ya karkata kai ya ja iska ta tsakanin haƙora.

"Kai, abin da ɗan wuya. Kin ga ƙungiyar nan ta mazauna ce. Ke kuma, kada ranki ya ɓaci, kasuwanci ya kawo ki. Yau kina nan, gobe ba ki nan."

"Amma Shugaba, an ce mini al'adar layin zagaye ce."

"Haka ne, haka ne. Za mu duba."

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da "za mu duba" take nufi, ita ma ta sani. Taron Maris ya zo, aka yi maganar fitilar titi da kuɗin biki, aka tashi.

A nan ne ta yanke shawarar da har yau in na tuna take ci mini rai. Tun da an ce ba mazauniya ba ce, sai ta saki ɗakin hayarta, ta tattara nata-ya-nata ta tare a gidan da ta gyara don wasu. Ta shiga ƙungiya, ta biya kuɗin shiga. Yashe kwata ita ce gaba, sharar wurin ibada ita ce gaba, allon sanarwa da ke zagaya gidaje a buga hatimi ko minti biyar ba ya yi a hannunta. A tunaninta in ta yi shekara guda tana ɗauke da nauyin kamar kowa, to ta yi tata shekarar, kuma mutane za su ji kunya. Ita tana zaton irinta ne mu.

Sannan ta fuskanci sharar da irin tsabtar da ta ciyar da yara ɗari shida. Mota na tashi ta fito da tiyo da burushi, ta wanke kwaltar har da sabulu. Ledar da aka cakuɗa kwalba da ragowar abinci, wadda masu mota ke manna wa jar takarda su bari, a da sai ta kwana uku tana wari har mai ita ya lallaɓo ya ɗauke. Yanzu Sumie ce za ta sa safar hannu ta kwance ta rarrabe. To me kuke tsammani ya faru? Kunya muka ji? Ina! Mutane suka daina rarrabewa ma gaba ɗaya. Wasu tun yammacin Lahadi suke fito da tasu. Har daga layin baya wani yake zuwa da mota, ya sauke gilashi ya jefa ya wuce. Matar Negishi tana zaune a kujerata da abin naɗe gashi a kai ta ce, "Kai, mun yi dace da matar nan, ko sauro babu bana." Na ce mata haka ne.

Da damina ta wuce Sumie ta kwaso ragowar katakon da ya rage daga aikin gidan ta ƙera akwati. Babba ne, zai ci ledar gida sha huɗu, da murfi mai raga ta ƙarfe, da tire a ƙasa wanda ake zarewa a wanke. Ranar da za ta gama ta kira ni in riƙe mata gefe ɗaya. Sai na ga tana ɗaura tayoyi huɗu a gindinsa, ta kuma rufe su da siririn katako yadda ba a gani.

"Tayoyin fa na mene ne?"

"Na ranar da zai koma ƙofarki mana," ta ce tana dariya, ƙusa a bakinta. "Ai na ga jerin, na san ke ce gaba. Kin ga ba za ki sha irin wahalar da na sha ba. Hankaka ba zai taɓa ba, wari ba zai fita ba. Masu zuwa gyaran gashi ba za su ma san yana nan ba."

Wato ta san ni ce, tun tuni. Ba ta taɓa yi mini gori ba, sai ma ta zauna ta ƙera abin da zai sauƙaƙa mini. Ina riƙe da katako ina ta cewa kai Sumie-san, kin iya aiki.

Gab da taron Maris na biyu aka samu wasu dattawa daga birni, sun yi ritaya suna neman inda za su huta. Sun ga gida sun yaba, ta gaya musu gaskiya, suka ce in dai akwatin zai tashi a Afrilu za su biya yadda ta sa, ba ragi. Ita kuma a lokacin aljihunta ya bushe ƙaƙaf, fansho kuwa sai ta cika sittin da biyar. Ana jibi taro ta zo rage gashi. Ina tsaye a bayanta muka haɗa ido a madubi.

"Chizu-chan, abu ɗaya nake roƙo. In na tashi na yi magana, ke dai ki ce kin yarda ya dawo ƙofarki. In mai karɓa ta yarda, wa ke da ta cewa?"

"Haba Sumie-san, wannan ai ba sai kin roƙa ba."

Da na gaya wa Isamu a wurin cin abinci sai ya ajiye tsinken cin abincinsa.

"Akwatin shara a ƙofar shago? Kanki ɗaya kuwa? Matar Negishi da ƙawayenta su ne rabin cinikinki. Ki tashi a gaban mutane ki kunyata mijinta, ki ga wa zai sake kawo miki kai."

"Na riga na yi mata alkawari."

"To ki je ki cika. In shagon ya mutu sai ki riƙa gyara wa hankaki gashi."

Ba don in ɗora masa nake faɗa ba. Isamu bai ma je taron ba, ni na je da ƙafata da bakina.

Ranar Lahadi da rana aka yi shi a ɗakin taron unguwa, kowa a durƙushe a kan matashi, ga shayi ga biskit ɗin shinkafa. Da aka gama maganar kwata Sumie ta miƙe, sai da ta dafa bango saboda gwiwa. Ta ce shara ta shekara goma sha uku a ƙofa ɗaya, ita ta yi tata shekarar, tana roƙon a koma zagaye kamar da. Ba ta rufe baki ba Negishi ya miƙe yana murmushi, ya zaro wata takarda mai zanen zinariya a gefe daga cikin jaka. Ashe ya shirya.

"Madalla da Kuwabara-san ta taso da maganar nan, da ma ina da ita a rai. Jama'a, tun da aka kafa layin nan, kun taɓa ganin wurin shara mai tsabta irin na bana?"

Aka yi ta gyaɗa kai, ana "ba mu taɓa ba, ba mu taɓa ba."

"To shi ya sa ƙungiya ta rubuta mata takardar godiya. Abin da ya gyaru kuma, a ganina, ba a taɓa shi. Balle wannan akwati da ta yi mana, ƙato, ko maza huɗu ba za su ɗaga shi ba."

"Yana da tayoyi, Shugaba," in ji Sumie.

"Kun ji, wai yana da tayoyi! Kuwabara-san ba ta rabo da raha."

Aka kwashe da dariya. Mutum ɗaya ne a ɗakin nan ban da ita ya san ba raha ba ce, ni ke nan, don ni na riƙe katakon da hannuna.

"To, akwai mai ganin a canza?" in ji Negishi.

Ɗaki ya yi tsit. Sumie ta juyo ta dube ni, ba da harara ba, kallon wadda ke cewa to bismillah, ga wurin. Ni kuwa na sunkuya ina kallon kofin shayina. Akwai wani ɗan tsinken ganye yana yawo a ciki, har yau zan iya zana muku shi. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, sai na ji an fara tafi. Aka miƙa mata takarda, ta karɓa da hannu biyu ta rusuna, don haka aka koya mata tun tana yarinya. Na yi tafin nan tare da su.

Dattawan birni suka nemi wani gida. Allon sayarwa ya yi wata uku yana shan rana. A watan Yuli sai ga mai saye, kuma ba kowa ba ne illa surukin Negishi, mijin 'yarsa ta ƙarshe. Ya zagaya gida yana taɓe baki, ya ce ai kowa ya san matsalar ƙofar nan, shi taimako zai yi. Ya yi tayin da bai kai abin da ta kashe ba, ban da wata takwas na guminta da shekara guda ta wankin sharar surukansa. Ba ta da abin da za ta ci ta jira wani, ta sa hannu.

Ranar da za ta tashi ta bi gidaje da ɗan tawul na sallama, gida sha uku, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da ta zo nawa na rasa inda zan sa idona. Na fara kame-kame, ina cewa ranar taron nan kaina ne ke ciwo. Ba ta bari na ƙarasa ba.

"In akwatin ya iso wurinki, ki riƙa ɗiga wa tayoyin mai sau ɗaya a wata. Ruwa yana sa su tsatsa."

"Ai Shugaba ya ce ba za a taɓa shi ba."

Ta dube ni kawai, ta rusuna, ta ce na gode da komai.

Ko Afrilu ba su jira ba. A watan Satumba allon sanarwa ya iso shagona da takarda sabuwa a kai. Wai bisa kyakkyawar al'adar layinmu ta iyaye da kakanni, za a ci gaba da zagaya wurin shara daga Litinin mai zuwa. 'Yar Negishi tana da ciki, ba ta son ganin leda da safe. Ba a yi taro ba, ba a ja iska ta haƙora ba, ba a ce za a duba ba. Hatimi goma sha uku na tarar a jere, jajaye, tsaf-tsaf. Na tsaya ina zagin su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu har Isamu ya leƙo ya ce lafiya, sannan na ɗauko nawa na buga.

Sumie yanzu tana aiki a wata masana'antar abincin kwali a bayan gari, a tsaye, tana jera soyayyen kifi a kan shinkafa. Ɗakin da take haya hawa na uku ne. Sau ɗaya na hango ta a tasha tana hawa matakala, hannu ɗaya a ƙarfe, tana ɗora ƙafa biyu a kowace taka. Gashinta a gyare yake, wani wurin take zuwa. Na laɓe bayan injin sayar da lemo har ta wuce.

Ranar Lahadin da za a kawo akwatin na fito na tsaya a ƙofar shago, ina jira in ga maza huɗun nan. Surukin Negishi ne ya fito shi kaɗai da silifas, ya sa ƙafa ya zare birki, ya turo shi da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana latsa waya.

"Chizuko-san, ina zan ajiye miki? Kai, wanda ya ƙera abin nan ya san aiki, ko ƙara ba ya yi."

Shekara guda cif ya yi a ƙofata. Hankaka bai taɓa ba, wari bai fita ba, matar Negishi ma a kansa take ajiye jakarta in za ta naɗe lema. Ko mai zuwa gyaran gashi ɗaya ban rasa ba. Da Satumba ya zagayo na ɗiga wa tayoyin mai, na tura shi ƙofar gaba ni kaɗai.